A Ƙara Mata Wuta

Har yau idan na ji ƙaurin robar waya tana ƙonewa sai yawu ya taru mini a baki. Ko dutsen guga ne ya ƙone a gidan maƙwabta, sai na fita tsakar gida na tofar. Abin da yake tuno mini shi ne motar Babanmu, da irin wulaƙancin da aka yi mata a gaban idona cikin damina guda, ina tsaye riƙe da jaka ina gyaɗa kai.

A Samaru muke zaune, a gidan da Baba ya gina kafin ya ajiye aikin koyarwa. Motar ta girme ni da shekara guda. Ruwan toka ce, ƙirar Faransa, irin mai giya a jikin sitiyari, kuma sabuwa dal ya saye ta tun yana matashin malami. A farkon shekarun dubu biyu, lokacin da motoci 'yan Kwatano suka cika titunan Zariya, ita kaɗai ta rage irinta a unguwarmu. Bai taɓa barin kowa ya tuƙa ta ba. Ni kaina a motar ƙawata na koyi tuƙi. Idan aka ɗaga bonet, wayoyinta a jere suke, kowace da launinta da 'yar lambarta, kamar sabon kitso. A aljihun motar akwai littafin da aka sayo ta da shi, mai zanen hanyar kowace waya, Baba ya yi masa bango da takardar buhun siminti.

Kowace Laraba da yamma yakan tafi Sabon Gari taron dattawan ikilisiya, a cocin da aka ɗaura musu aure da Mama. Akwai coci kusa da mu, amma tsararrakinsa can suke. Sai magariba ta yi ake tashi, saboda haka da fitila yake dawowa. Wannan tafiyar ce kaɗai ta rage masa. Makaranta ta wuce, gona ya bar wa 'ya'yan ƙanensa, abokai suna ta raguwa. Ranar Laraba ce yake goge takalmi, ya ɗauki makulli, ya fita ba tare da ya nemi kowa ya kai shi ba.

Wata Laraba a farkon damina ya dawo madubin gefe yana reto. Ya gogi baron wani mai lemo a Kwangila. Allah ya taimaka babu wanda ya ji ciwo. Ya zauna ya cire hula ya ce fitilun motar sun yi rauni, hanya ba ta fitowa sosai.

Mama ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

“Idon ne,” in ji ta. “Kin sani, na sani. Ke ce babba, ke ce mai boko, ki faɗa masa. In ba haka ba zan ɓoye makullin nan, ya yi ta fushinsa.”

Na ce ta ba ni lokaci, a fara gyara fitilar tukuna.

Na san gaskiya ta faɗa. Tun ranar bikin Ista na lura a coci yana rera waƙa littafinsa a buɗe a wani shafi daban. Na ga wani fari-fari ya fara rufe baƙin idonsa. Amma da na fita na kunna motar, sai na tarar fitilar hagu ta yi rauni da gaske, ta koma ruwan ɗorawa kamar fitilar ƙwai da kananzir ya kusa ƙarewa. Sai na riƙe wannan 'yar gaskiyar da hannu biyu na ɓuya a bayanta. Ni ce 'yar fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai “ke”, ko “Malama” idan yana cikin raha. Da wane bakin zan tsaya gabansa na ce ba ya gani? Mu an koya mana idan babba ya yi magana a ce “haka ne, Baba”, in akwai gyara a lallaɓa a yi ta bayan fage.

Abin takaicin shi ne fiziks nake koyarwa a wata sakandare a Palladan. Na san idan fitila ɗaya ta dushe ɗaya tana lafiya, to yawanci wutar ce ba ta samun hanyar komawa jikin ƙarfen motar. Wayar da ke wannan aikin masu gyara suna ce mata “at”. Aikin minti goma ne. Amma taɓa motar Baba da hannuna bai ko zo mini a rai ba, sai muka kai ta wajen mai gyaran wutar mota, wato ɗan riwaya, a ƙarƙashin wata dalbejiya a bayan kasuwar Samaru.

Mutumin yana cin goro muka same shi. Bai tambayi komai ba ya cusa hannu cikin wayoyin ya yamutsa su. Da haƙori yake feɗe waya, ya tofar da robar haɗe da jan yawu a kan injin da Baba yake gogewa da tsumma duk Asabar. Gwajinsa shi ne ya karta waya a jikin ƙarfe, in ta yi tartsatsi ya ce da wuta. Ya zaro fis ɗin fitila ya ɗaga shi sama, lafiyarsa ƙalau ina gani, ya jefar cikin kwata. Ya tsinci kwalin sigari a ƙasa, ya yage takardar nan mai ƙyalli ta ciki, ya murɗe ta ya cusa a madadinsa. Fis kuwa mai gadi ne, aikinsa ya tsinke idan wuta ta yi yawa don kada waya ta kama. Inda ya haɗa waya biyu, ledar fiya wata ya naɗe ya ɗana mata ashana ta narke a kai.

Na daure na ce, “Malam, da ka duba at ɗin fitilar hagun.”

Ya dube ni tun daga takalmi har ɗankwali. “Anti, motan nan na san irinshi tun ba a haife ki ba. Wannan ba aikin allo da alli ba ne.”

Baba ya yi gyaran murya, alamar in bar mai sana'a ya yi sana'arsa. Da aka gama ya kunna fitila da rana tsaka, Baba ya sunkuya ya ce yana ganin kamar ta ɗan ƙaru.

“Haka ne, Baba,” in ji ɗan riwaya.

“Haka ne, Baba,” in ji ni.

Laraba ta zagayo, Baba ya dawo ya ce jiya i yau. Ya ce 'yan Samaru wasa suke, a kai ta Sabon Gari inda ƙwararru suke, a ƙara mata wuta.

A layin masu kayan mota muka sami na biyun, wani ɗan kudu mai fara'a da sarƙa a wuya, Hausarsa rabi Turancin kasuwa rabi. Shagonsa yana bakin wata kwata da ruwan sama ya cika, baƙin mai yana yawo a kai tare da ɓawon masara da mataccen ɓera. Kan wani benci a gefenta aka ba Baba wuri. Mutumin ya fito da manyan ƙwayayen fitila a kwali, ya ce irin na motocin sojan barikin Basawa ne, ya miƙa wa Baba ya karanta ƙarfinsu da kansa. Baba ya riƙe kwalin a juye, rubutun yana kallon ƙasa, ya daɗe yana dubawa, ya ce madalla.

Mutumin ya gani. Ya ɗago ya dube ni, ya kashe mini ido ɗaya.

“Papa eye sharp o,” in ji shi da ƙarfi. “Baba, idonka ya fi nawa. Mota ne ya tsufa. Zan sa maka dayarek daga batir, dare zai koma rana.”

Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji tasa a wannan lokacin ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, kashe idon nan daidai yake. Ni da shi sana'a ɗaya muke yi wa tsohon, shi don ya sayar da ƙwai, ni don kada na buɗe baki.

Ya sa filaya ya datse damin wayoyin nan masu lamba, ƙaras, kamar mai yankan alayyafo. Ya jawo wata jar waya daga batir ya bi da ita ta cikin tsohon makunnin fitila. Na san ƙwayayen nan za su ja wutar da ta fi ƙarfin makunnin, na san ana bukatar rile, ɗan akwatin da ke ɗauke wa makunni nauyi. Wannan lissafin ina ba ɗalibai shi a jarrabawa. Na tambaya a hankali ko ba za a sa rile ba. Ya ce rile na masu tsoro ne. Takardar sigarin da ta riga ta yi baƙi ya cire, ya yi tsaki yana zagin aikin 'yan Samaru, sannan ya sa guntuwar ƙusa a wurin.

Daga ranar motar Baba ta zama abin tsoro a hanyar Samaru. Haskenta ba ya sauka kan kwalta, sama yake yi ya doki idon masu tahowa. 'Yan acaɓa suna yi masa daƙuwa, direbobin bas suna rama masa da tasu fitilar, wanda kuma ya ƙara dagula masa ganin, don mai ciwon yanar ido ba abin da ya tsana kamar haske ya fuskanto shi. Ya dawo ya ce har yanzu da saura. Muka koma. Wannan karon mai sarƙa ya kawo wasu fitilu biyu zagayayyu, ya sa injin huda ya ɓula bambar gaba, bambar nan mai ƙyalli da ba ta taɓa ko lotsawa ba, ya ɗaure su a karkace. Ina jin ƙarar injin a cikin haƙorana. Baba yana zaune bakin kwata yana murmushi, yana cewa yanzu aka zo wurin.

Mama ta daina yi mini maganar. In na shigo sai ta dube ni ta ci gaba da tsinar shinkafarta, wannan kuma ya fi zagi zafi.

Sai na fara bin sa taron Laraba, wai ina da sayayya a Sabon Gari. A ta uku, muna dawowa an fara duhu, yayyafi ya ɗauke, muna bayan wata bas. Tun daga Kwangila nake jin ƙauri. Na taɓa makunnin fitila na janye hannu da sauri. Muna isa Palladan fitilun huɗu suka mutu lokaci guda, hanya ta yi baƙi a gabanmu.

Baba bai rage gudu ba. Hannuwansa suna kan sitiyari, ya miƙa wuya gaba, yana bin jajayen fitilun bayan bas ɗin. Sai a nan na gane ashe da su yake tuƙi duk watannin nan, da su da hanyar da ya haddace shekara talatin.

Hayaƙi ya turnuƙo daga ƙarƙashin dashbod. Na yi ihu ya tsaya. Na fita na ɗaga bonet na murɗe kan batir da hannu, da yake mai sarƙa bai ɗaure shi da kyau ba sai ya fita, wannan ne kawai alherin da sakacinsa ya yi mana. Kafin na juyo jama'a sun taru. Kowa yana ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasa daga bakin hanya yana watsawa, cikin mota, kan kujera, kan injin, har bayan wutar ta mutu ba su daina ba. Wani ya fasa fiya wata a kan rediyo. Baba yana tsaye a gefe da taɓo a gaban rigarsa yana ta yi musu godiya. A-kori-kura ce ta ja mu gida da igiya.

Kowa zai ce a daren nan na faɗa masa. Ban faɗa ba. Da safe ya ce aikin 'yan Sabon Gari ne, a nemo wani. Na ce, idan ya yarda, ni zan gwada. Ya ce, “To, Malama.”

An yi hutun makaranta, sai na aro mitar gwada wuta daga ɗakin gwaje-gwajenmu, na sayo waya da fis da rile da ƙwayaye daidai ƙarfin da littafin ya ce. Kwana huɗu na yi a tsakar gida, zane ɗaure a kan tsohon wandon ƙanena. Ranar farko ƙasa kawai na kwashe. Sannan na shiga ciro ƙazantar da aka cusa mata. Leda narkakkiya, ƙusar nan da ta yi baƙi, cingam da aka liƙe wata waya da shi, igiyar takalmi, tsinken tsire da aka tokare soket. Wayoyin sun narke sun manne da juna sun zama dunƙule ɗaya mai wari. A bayan dashbod na tarar ɓeraye sun yi sheƙa da audugar kujera, warin fitsarinsu ya haɗu da ƙauri, sai da na fita bayan gida na yi amai. Ina aiki ina tsaki, ina tsine wa mai goro, ina tsine wa mai sarƙa. In na gaji da su sai na dawo kan kaina.

A rana ta uku na kwance fitilar hagu. A bayanta ga 'yar baƙar waya ɗaure da noti a jikin ƙarfe, tsatsa ta cinye wurin ta yi kore. Babu alamar hannun kowa a kanta. Na kwance notin, na goge da samfefa, takardar nan mai kaushi, har ƙarfe ya fito fari, na mayar. Ko minti biyar ban yi ba. Na zauna a ƙasa da samfefar a hannu, takaici ya hana ni tashi. Wannan ce duk cutar motar tun farko.

Sauran aikin bin littafi ne, waya bayan waya. Na cire fitilun nan biyu na jefa su a kwandon shara. Ramukan da ke bamba dai babu yadda zan yi da su, haka tabon ƙuna a dashbod.

A rana ta huɗu da magariba na juya motar ta fuskanci bangon gida na kunna. Haske biyu farare tas, kai ɗaya, sun kwanta daidai inda ya kamata. Har tsagar da ke jikin siminti ana gani, da jerin tururuwa suna hawa. Mama ta leƙo daga kicin ta koma. Na je na ce wa Baba an gama.

Ya fito a hankali ya tsaya kusa da ƙofar direba, hannunsa a kan rufin motar. Ya daɗe yana kallon bangon. Ina jira ya ce da saura, kuma amsar tana nan a bakina a shirye.

“Ke,” ya ce. “Yaya kike ganin hasken?”

Bai taɓa tambayata ba. Duk watannin nan faɗa yake yi mu amsa.

Na ce, “Baba, tun ina yarinya ban taɓa ganin ta yi haske kamar yau ba.”

Ya gyaɗa kai. Injin yana ta aiki a hankali. Can ya ce, “Ni hazo nake gani. Kamar an shanya farin zane.”

Sai ya jefo mini tambaya.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun Ista.”

Ya sauke hannunsa daga rufin, ya bi jikin motar da shi har gaba, ya sunkuya yana shafa bamba. Yatsansa ya faɗa ramin farko, ya tsaya, ya zagaya bakinsa mai kaifi, ya matsa ya sami na biyu. Ina jin a ranar ya fara sanin girmansu.

“Tun Ista,” in ji shi. “Kika tsaya kina kallo suka yi mata wannan.”

Na ce, “Kunya na ji, Baba.”

“Da kin faɗa mini, da na yi fushi da ke kwana biyu. Da na huce.” Ya miƙe yana dafa gwiwa. “Da yaron nan mai lemo ya mutu fa? Ita ma kunya ce?”

Ya lallaɓa ya zura hannu ta taga ya kashe fitila, ya kashe injin, ya zare makullin. Ya tsaya yana juya shi a tafin hannu.

“Ranar Laraba ƙarfe huɗu ake farawa,” ya ce. “Ba na son makara. Kuma giya ta biyu tana so a bi ta a hankali.”

Ya miƙo makullin. Amma inda ya miƙa ba nan nake tsaye ba, ya kauce ni da kusan taku guda, hannunsa yana rataye a iska wajen tukunyar ruwa. Na ɗaga ƙafa a hankali, ba tare da takalmina ya yi ƙara ba, na koma daidai inda hannun yake, na karɓa da hannu biyu na ce na gode. Ko a wannan ma sai da na yi masa ƙarya.